Gilashin Hedimasta

Ku yi haƙuri da ni, kwana tara ke nan ban leƙo ba. Masu turo min saƙo suna tambaya ko rana aka sa shi ya sa na ɓuya, wallahi ba a sa komai ba. Gajiya ce. Irin gajiyar da za ki dawo gida ki zauna a bakin gado da niyyar cire takalmi, ki farka ki tarar ƙafa ɗaya kawai kika cire. Yau ma da ƙyar na ɗauki wayar, amma abin da ya faru ranar Alhamis ya tsaya min a wuya, in ban faɗa wa wani ba ko ruwa ba zai wuce ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: malamar aji biyu ce ni a firamaren unguwarmu. Shekarata ashirin da bakwai, yara sittin da ɗaya ne a hannuna, ni kaɗai, daga lissafi har karatu har tarihin unguwa. A gida kuma mu huɗu ne. Baba ya yi ritaya daga gidan waya bayan shekara talatin yana tantance wasiƙu. Mama tana tare da keken ɗinkinta. Goggo, ƙanwar Baba, ta zo jinyar ƙafa wata uku da suka wuce, ƙafar ta warke, ita ba ta tafi ba. Sai ni. Yayana yana bayan layinmu da iyalinsa, amma kullum yana gidanmu kamar an ba shi gadi.

Sai kuma shi. A gidanmu Mai Fenti ake ce masa, don shagon fenti gare shi a babban titi, kusa da masu sayar da tayil. Goggo ce ta kawo shi. Shi ya yi mata fentin gida, ta ga ya cire takalmi kafin ya shiga falo, ya kuma share wurin da ya yi aiki da hannunsa, shi ke nan ta yanke hukunci ta samo min miji. Wata bakwai yana zuwa. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kullum cikin farar riga mai guga.

Ban ƙi shi ba. Amma in na ce muku na san ina son sa, na yi ƙarya. Mutumin da ya wuni yana ihu a kan yara sittin da ɗaya, in ya dawo gida ba ya jin komai a ƙirjinsa sai ƙurar alli. Baba dai ya ba ni zuwa ƙarshen wata in ba shi amsa, kuma a ranar Alhamis ɗin nan saura kwana shida.

Ranar Alhamis na makara. Na zura doguwar rigar atamfa shuɗiya, wadda aljihunta ya riga ya yi fari da alli, na yafa mayafi ruwan toka, na fito ina neman jakata. Goggo tana zaune a tsakar gida da kofin shayi, ta bi ni da kallo daga sama har ƙasa.

"Wai ba yau yaron nan zai je makarantarku ba?"

"Yau ne, Goggo."

"Shi ne za ki tarbe shi da wannan rigar? Ko mai wanki aka ba ta sai ya yi miki jaje."

"Aiki zan je."

"Aiki! Shekara biyar kina aiki, me ya ƙara miki ban da dashewar murya? Ke dai ki ce e, ki huta, mu ma mu huta."

Mama ba ta ɗago daga keke ba. Zare ta ciza ta tsinke, ta ce, "Bar ta ta tafi, ta makara. Ga burodi nan a leda, ki sa a jaka."

A hanya saƙonsa ya shigo, na murya kamar kullum: "Malama, ina kwana. Ƙarfe goma kika ce ko? Zan zo da wani abu da yaran za su so. Kin karya kuwa?" Na rubuta masa, "Goma daidai. Ban karya ba, amma Mama ta ba ni burodi." Ko minti ɗaya ba a yi ba ya kira.

"Na ga kin turo saƙo, hannuna da kaya ne. Me kika ce?"

Na maimaita masa. Haka muke yi tun farko, ni in rubuta, shi ya kira. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

Bari in gaya muku abin da ya kai shi makarantarmu. A wannan zangon akwai darasin da ake kira Unguwarmu Jiya da Yau. Yara suna koyon me ke wurin nan kafin a haife su: kasuwar da aka tayar aka mayar bayan gada, layin dogon da ciyawa ta cinye, da tsohon tankin ruwa da ake hangowa daga ko'ina. Kowane aji yakan gayyato wanda zai ba su labari da bakinsa. Dattijon da yake zuwa mana duk shekara ya koma wurin 'yarsa a wani gari. Ni kuma na tuna wata rana Mai Fenti ya taɓa ce min mahaifinsa ne ya yi wa tankin nan fenti, kuma ginin makarantarmu a da sito ne. Na gaya wa Hedimasta, ya ce a kira shi. Da na roƙe shi bai yi musu ba. "Magana ce kawai, ko?" ya tambaya. Na ce magana ce kawai.

Darasin farko lissafi ne, ragewa da aro. Sati na uku ke nan muna kan abu ɗaya. Na rubuta hamsin da biyu a sama, ashirin da bakwai a ƙasa, na ja layi.

"Biyu a cire bakwai, zai yiwu?"

"A'a, Malama!"

"To me za mu yi?"

"Mu je maƙota mu aro!"

Bakinsu ya iya. Da na zaga ina duba littattafai, rabinsu sun juya abin, sun cire biyu daga bakwai sun rubuta biyar a ƙasa, hankalinsu kwance. Na fito da ƙullin tsinken ashana da na ɗaure goma-goma, na kwance ɗaya a gabansu na ce ga goman da muka aro. Wata ta ce roba ta tsinke. Wani ya ce an ɗauke masa fensir. Wani ya yi fitsari a wando a layi na uku. Ƙarfe tara bai yi ba muryata ta fara tafiya.

A cikin ajin akwai 'yar Yayana. Aku muke ce mata a gida, don duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fita ta bakinta kafin la'asar. Tana da ƙoƙari, ita ce ta ɗaya, kuma ta san ita ce ta ɗaya. A can ƙarshen aji kuma, jikin bango, akwai wani yaro da yara suka laƙaba wa Mai Barci. Ba barci yake yi ba. Kifa kansa yake yi a tebur duk lokacin da aka zo karatu, don har yanzu b da d abu ɗaya ne a wurinsa. Na sha cewa zan zauna da shi shi kaɗai. Tun farkon zango nake faɗa.

A darasin karatu na yi dabarar da nake ganin ta wayo ce. Na yayyanka takarda na raba musu, na ce kowa ya rubuta tambaya ɗaya da yake so ya yi wa baƙonmu. A haka sun yi rubutu, sun yi tarihi, ni kuma na samu minti goma na zauna na ci burodina. Na tattara takardun a cikin kwalin alli. Ban gaya wa Mai Fenti ba. Ban ga abin faɗa a ciki ba.

Goma daidai ya iso, farar riga, hula baƙa, da wani tsohon buroshi mai dogon mariƙi a hannunsa. Hedimasta ya rako shi ya zauna a kujerata. Yara suka miƙe suka gaishe shi da ihun da ya sa ya ja baya yana dariya.

Jama'a, ban san mutumin nan ya iya magana haka ba. Wanda in ya zo gidanmu sai na yi ta jan sa da hira, shi ne ya tsaya gaban allo ya ɗaga buroshin ya ce, "Wannan ya girmi babanninku." Ya ba su labarin yadda mata suke layi a gindin tanki da bokitai tun asuba, da yadda jirgin ƙasa in zai wuce kwanukan gidajen bakin layi suke rawa. Ya nuna musu ƙugiyoyin ƙarfe da ke jikin rufin ajinmu, waɗanda shekara biyar ina ƙarƙashinsu ban taɓa tambayar na mene ne ba, ya ce nan ake rataye sikelin auna buhuna lokacin da wurin yake sito. Ya ce tankin a da ja ne, babansa ne ya mayar da shi kore, shi kuma yana ƙasa yana riƙe igiya.

"Gwangwani nawa ya ci?" wani ya tambaya.

"Ku za ku gaya min. Kowace ƙafa ta tankin gwangwani uku ta ci, ƙafafun huɗu ne. Cikinsa kuma ya ci ashirin. Nawa ke nan?"

Yara suka fito da yatsu suna ƙirge. Abin da ya ba ni mamaki, Mai Barci ne ya ɗago kai daga can baya ya ce, "Talatin da biyu." Mai Fenti ya taka har wurinsa ya ba shi hannu kamar babban mutum. Ni ina tsaye jikin taga, na ji wani abu ya ɗan motsa a ƙirjina wanda ya daɗe bai motsa ba.

Sai na ɗauko kwalin.

"Yanzu baƙonmu zai zaro tambayoyinku ɗaya bayan ɗaya, ya karanta mana, ya amsa."

Na miƙa masa ina murmushi. Ya kalli kwalin, ya kalle ni. Ya sa hannu ya zaro takarda, ya buɗe, ya ɗan nisanta ta da fuskarsa.

"Kash, na bar gilashina a mota."

Ban taɓa ganin sa da gilashi ba, amma ko a lokacin ban gane ba. Ina shirin cewa ya kawo in karanta, sai Hedimasta, bawan Allah mai son taimako, ya miƙe ya cire nasa.

"Ga nawa, gwada. Na karatu ne, kowa yana gani da shi."

Ya karɓa, don ba yadda zai yi. Ya sa. Gilashin ya yi masa ƙanƙanta, ya zauna a karkace a kan hancinsa. Ya riƙe takardar da hannu biyu. Leɓensa ya motsa ba sauti. Tambayar kalma biyar ce, da manyan baƙaƙe irin na 'yan aji biyu, daga inda nake ina iya karanta ta. Yara sittin da ɗaya suna jira. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, a wurina dai ya fi darasin lissafi tsawo.

Sai muryar Aku ta tashi, tsaf, har ajin da ke kusa da mu sun ji:

"Malama, shi ma bai iya ba ne. Irin Mai Barci ne."

Aji ya fashe da dariya. Na daka musu tsawar da ta ƙarasa min sauran muryar. Na karɓi takardar na ce rubutun ne bai fita ba, na karanta da kaina. Ya amsa. Na karanta ta biyu, ya amsa. Bai sake kallon inda nake ba. Da aka gama ya cire gilashin ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙa wa Hedimasta da hannu biyu, ya yi godiya, ya fita. Buroshin ma a kan teburina ya bar shi.

Sauran darussan ranar ban san me na koyar ba.

Da aka tashi na fito da buroshin a hannu, na ga motarsa a ƙarƙashin bishiyar da ke bakin ƙofa. Ashe bai tafi ba. Awa uku yana zaune a ciki. Na buɗe na shiga gaba, na ajiye buroshin a tsakaninmu.

"Ka yi haƙuri. Ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Wata bakwai ina aiki don kar ki sani."

Yana kallon sitiyari yake maganar. Ya ce a aji biyu ya bar makaranta, shekarar da babansa ya faɗo daga tsani ya karye a ƙugu. Amma ya ce kar in ɗora wa tsani laifi, tun kafin nan ma bai iya ba. Su saba'in ne a aji, yana can baya, malaminsu bai taɓa sanin sunansa ba. Da ya daina zuwa ba wanda ya zo nema.

"To shago fa? Ta yaya kake yi?"

"Lamba nake gani. Kowane fenti da lambarsa, duk suna kaina. Takarda in ta zo, Yayata ce take duba min da yamma. Saƙonninki kuma..." Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba. "Ban taɓa ba kowa ya karanta min naki ba. Shi ya sa nake kira. Duk suna nan a waya, ban goge ko ɗaya ba. Ban san me ke ciki ba."

Na tuna wani dogon saƙo da na taɓa rubuta masa ranar da aka yi min faɗa a ofis, na zazzage masa cikina kaf, ya kira ya ce yana tuƙi, me na ce, ni kuma na ji haushi na ce ba komai. Kwana biyu ina fushi da shi a kan saƙon nan.

Zan gaya muku gaskiya ko da za ku zage ni a ƙasan rubutun nan. Abin da ya fara zuwa raina ba tausayi ba ne. Cewa na yi a zuciyata: wato in wuni ina ba, be, bi, bo, bu da 'ya'yan mutane, in dawo gida in tarar da wani ba, be, bi yana jira na a falo? Ni yaushe zan huta? Na ji kunyar tunanin, amma shi ne ya zo, ba zan canza muku shi ba.

Kamar ya ji ni. Ya ce, "Ba malama na zo nema ba, mata na zo nema. Ban ce ki koya min ba. Abu ɗaya nake roƙo, kar mutanen gidanku su ji daga bakinki. In za ki ce a'a, ki ce a'a kawai. Ki ce ban yi miki ba."

"Ba za su ji daga bakina ba."

"Na gode. Yaron can na baya, mai lissafin nan. Ki dawo da shi gaba."

Ya ce zai kai ni gida, na ce zan taka. Ina so in yi tunani, amma har na iso ƙofar gida ban yi tunanin komai ba sai zafin da takalmina yake min.

Tun daga bakin ƙofa na ji muryar Yaya. Na manta da Aku. Uwarta ta ɗauke ta ƙarfe ɗaya, ke nan labarin ya riga ni isowa da awa biyu.

Suna falo duka. Baba a kujerarsa da jarida a cinya, Goggo ta rafka tagumi, Mama a ƙasa kan darduma tana ɗinke bakin wani zane da allura. Yaya yana tsaye da rigar ofis, ko ɗaurin wuyansa bai kwance ba. Digiri biyu gare shi, kuma ba ya bari a manta.

"Yawwa, ga ta nan. Ke, gaskiya ne abin da yarinyar nan ta faɗa?"

"Yaya, ko jakata ban ajiye ba."

"Ajiye a nan. Mutumin da kuke shirin kawo mana cikin dangi, takardar 'yan aji biyu ta gagare shi? A gaban Hedimasta?"

Goggo ta ce, "Ni dai na ga yana danna waya. Wanda bai iya karatu ba yana danna waya?"

"Goggo, jariri ma yana danna waya."

Baba ya ninke jaridar. Shi ba ya ɗaga murya, shi ya sa tambayarsa ta fi ta kowa nauyi. "Uwata, zauna. Gaskiya ne?"

Na zauna a hannun kujera. Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba, kuma ko awa ɗaya ba a yi ba da na yi wa wani alkawari. Na ce, "Baba, yara sun yi hayaniya, rubutun kuma bai fita sosai ba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Hakan ya amsa musu.

Yaya ya tafa hannu. "Shi ke nan! Gidan da kowa ya yi karatu, a ce surukinmu jahili ne? Gobe in an ba shi takardar asibiti ya kai wa maƙota? 'Ya'yansa su kawo aikin gida ya ce ya bar gilashi a mota? Wane irin uba ke nan? Wallahi mutumin da bai iya karatu ba rabin mutum ne, ko nawa ya tara."

"To ni rabin mutum ce ta haife ka."

Mama ce. Ba ta ɗago ba, allurar ma ba ta tsaya ba.

Yaya ya ce, "Mama, ba da ke nake ba."

"Da ni kake. Shekara talatin da biyar ina gidan nan, wa ya taɓa ganin na karanta takarda a cikinku?"

Na kalli Baba, na ga ya sunkuyar da kai yana shafa jaridar da ke cinyarsa.

"Amma ke kike duba mana aikin gida," Yaya ya faɗa, muryarsa ta sauka. "Ke kike riƙe littafi muna karanta miki."

"Riƙewa nake yi. Fuskarka nake kallo. In ka yi kuskure kunnenka na dama yakan motsa, sai in ce sake. Ita kuma wannan in ta yi kuskure sauri take ƙarawa." Ta ciza zaren. "Sakamakon jarrabawa in kun kawo, in ce ku ajiye sai na gama aiki. Babanku ya dawo ya karanta min a ɗaki, in fito in yi muku faɗa ko in sa albarka. Awon ɗinki kuwa lamba ce, ita na iya. Ban taɓa ɓata wa kowa kaya ba."

Ni malamar karatu ce. Aikina ke nan, in kalli yaro in gane ya iya ko bai iya ba. Shekara ashirin da bakwai ina kwana ina tashi da matar nan, ban gani ba. Wata bakwai mutum yana zama a gabana, ban gani ba.

Baba ya yi gyaran murya. "Sau uku na ce zan koya mata. Ta ce in bari yara su girma tukuna. Da suka girma ta ce ai an riga an wuce wurin."

"Kunya ce," in ji Mama. "Wadda ta haifi masu digiri ta zauna tana ba, be, bi? Na bar shi." Sai yanzu ta ɗago ta kalli Yaya. "Ban ce ta aure shi ba, ita ta sani. Amma in za ku ƙi shi, ku nemo wani dalilin. Wannan kam ba a gabana ba."

Yaya ya matso wurin Mama. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, da rigar ofis ɗinsa da komai. Goggo ta ja mayafi ta goge ido, ta ce ita dama tun farko ta san yaron kirki ne, kamar wani ya yi mata gardama.

Baba ya juyo gare ni. "Kira min shi. Ki ce ina son ganin sa yau, in ya samu hali. Ba faɗa zan yi masa ba."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Hannuna har yanzu da alli a tsakanin yatsu. Na kira, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake kira. A na uku aka ɗauka, amma muryar mace ce.

"Malama? Yayarsa ce. Ya bar wayar a wurina, ya ce ba ya son magana da kowa."

"Don Allah ki ce masa Baba ne yake neman sa."

Ta ce, "Ai kin makara, ƙanwata. Tun da ya dawo ya wuce wurin kawunmu. Ya ce ba zai bari ki sha kunyar ƙin sa ba, gara shi ya janye da kansa. Na yi magana har na gaji. Kawu ya fita tun ɗazu, gidanku ya nufa."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Kwana shida suka rage min in yi tunani, ni da nake cewa ban san abin da nake so ba, sai ga shi ƙafafuna sun kai ni ƙofar ɗaki kafin kaina ya gama jin maganar.

Daga waje aka yi sallama, muryar dattijo. Na ji Baba ya amsa da fara'a, yana cewa a shigo, a shigo, yana laluben hularsa. Duk gidan ni kaɗai na san abin da mutumin nan ya zo faɗa, kuma tsakanina da ƙofar falo taku biyar ne.